Tuwon da Ake Miƙawa ta Danga

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina aikin gwamnati a Dutse, kuma rabin aikin nan rubuta takardar da ake kira yarjejeniyar fahimtar juna ne. Mutane biyu da ba su yarda da juna ba za su zauna a ɗaki mai sanyi, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoto, a raba lemo da nama a leda, a watse. Ni ne mai tsara kalmomin. Har yabona ake yi, wai na iya fito da magana fili yadda ba wanda zai ce bai gane ba. To, wannan iyawar tawa na ɗauka na kai ƙauyenmu, na raba tsofaffi biyu da suka fi shekara arba'in suna cin tuwo a tabarma ɗaya. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya karanta yana jiran in wanke kaina.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Miga. A unguwarmu magidanta ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, kowane magidanci ya shiga gida ya fito da kwanonsa, a jera. Ciyayya muke ce mata. Ba mai cin nasa shi kaɗai. A buɗe kwano ɗaya, hannu takwas su shiga, in an ga bayansa a jawo na gaba. Ana ci ana tsiya, ana kushe miyar wannan ana yabon ta wancan, har a kira isha'i.

Gidan da ke jikin namu ta gabas na Baba Maƙeri ne, danga ce kawai ta karan dawa a tsakaninmu. Shi da mahaifina sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba. Baba, wato mahaifina, ya ce masa sarkin toka, shi kuma ya ce masa Malam marowaci. In ɗaya ya yi zazzaɓi, ɗayan zai wuni a zaurensa yana gaya masa ragwanci ne ke damunsa. Baba Maƙeri mutum ne mai ji da kansa, ko ruwan alwala ba ya yarda a zuba masa. Fartanya da lauje da magirbin da aka noma rabin garin nan da su, daga hannunsa suka fito.

Sai duniya ta juya masa baya a hankali. Kafaɗa ta ƙi ɗaga masaba, ido ya yi hazo, masu walda suka buɗe shaguna a Miga, mutane suka koma can. Ɗansa namiji ɗaya ne, Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa mata kuma suna aure a nesa. Daga nan ruwa ya cinye masa gonar fadama shekara biyu a jere. Ya rage daga shi sai matarsa, wadda muke kira Goggo.

Ni kuwa sau ɗaya a wata nake zuwa gida, in kwana biyu in koma. In na zo sai a matsa mini a gefen tabarma, ana tsokanata da "mutanen Dutse an sauka". Kullum Baba Maƙeri zai fito da tsohon akushinsa rufe da faifai, ya dire shi da ƙarfi kamar kowa. Da Baba ya kai loma ɗaya sai ya yamutsa fuska.

"Kai, maƙera dai ba abin da suka iya sai barkono! Wannan miya ce ko wutar maƙera?"

"Ci ka yi mana shiru," in ji Baba Maƙeri. "A gidanka ko daddawa sai an ƙirga ake sakawa."

A bushe da dariya, har da ni. Ban san abin da nake yi wa dariya ba.

Wata Asabar, gab da magariba, na zagaya bayan ɗaki neman buta, sai na ga mahaifiyata, Inna, a madafa tana abin da ban gane ba. Ta raba miyar kuka biyu, ta zuba rabi a ƙaramar tukunya, ta ƙara mata barkono mai yawa, ta juya. Sannan ta je jikin danga, wurin da aka sassauta kara biyu. Hannun Goggo ya zuro akushin nan wayam. Inna ta cika shi da tuwo, ta zuba miyar mai barkono, ta mayar. Ba sallama, ba sannu, ba na gode. Ko kallon juna ba su yi ba. Da ta juyo ta gan ni sai ta haɗe rai.

"Me kake nema a madafa, ƙato da kai?"

"Inna, tun yaushe ake wannan?"

"Ake me? Ba ka ga komai ba. Ɗauki butarka ka ba ni wuri."

A daren, da na ga akushin ya fito, na ga Baba ya yamutsa fuska ya zagi barkonon maƙera, sai na janye hannuna daga tuwon. Wallahi tausayi na ji, wannan ba zan ƙaryata kaina ba. Amma har da wani abu. Raina ya ɓaci a kan cewa ga ni da albashi, ga ni da mota, amma ana ciyar da aminin ubana ta ramin danga kamar abin sata, ba wanda ya ga na isa a gaya mini. Na ce a raina wannan ai wahalar da kai ne irin na mutanen ƙauye. Matsala ce ƙarama, maganinta buhu biyu.

Ƙarshen watan na biya ta kasuwar Shuwarin na sayi buhun gero da buhun dawa da galan na man gyaɗa, na cusa a mota. Da na ga dama da na isa da hantsi, lokacin kowa yana gona, na shigar da kayan ta bayan gida. Ban yi haka ba. Da gangan na daidaita tafiyata in isa bayan magariba, lokacin da tabarma ta cika. Na gaya wa kaina wai don wasu su gani su yi koyi. Ƙarya ne, so nake a ga ɗan Malam ya zama mutum.

Na tarar har an ci kwano biyu, akushin Baba Maƙeri ne a buɗe a tsakiya. Na gaishe su, na sauke kayan a gabansu, na gyara murya irin yadda nake yi a taron ofis.

"Baba Maƙeri, ga wannan, ba yawa. Mun san halin da ake ciki. Daga yau in sha Allahu ba sai an riƙa miƙo muku ta danga ba, Goggo za ta ɗora tukunyarta da kanta."

Wanzamin unguwarmu ya riga ya ɗebo loma, sai hannunsa ya tsaya a hanya, bai kai baki ba bai mayar ba. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Baba Maƙeri ya zare hannunsa daga akushin a hankali, ya ɗauraye, ya ɗaga tafuka sama, ya yi mini addu'a doguwa. Allah ya yi mini albarka, Allah ya ba ni masu yi mini, Allah ya rufa mini asiri duniya da lahira. Aka riƙa cewa amin ƙasa-ƙasa. Da ya shafa sai ya rufe akushin da sauran tuwon a ciki, ya ɗauka ya shiga gida. Ni kuma na tsaya ina murmushi kamar sakarai, na ɗauka abin ne ya taɓa zuciyarsu har suka kasa magana.

Da safe na je gaida Inna, tana tankaɗe, ba ta amsa gaisuwar ba.

"Wa ya aike ka?"

Na fara bayani, ta ɗaga mini hannu. A ranar na ji abin da ban sani ba. Ashe ba gidanmu kaɗai ba ne. Gida uku ke yi, namu da na wanzami da na bayan su Goggo, shekara biyu cur. Ba a taɓa zama an tsara ba, ba a taɓa cewa yau ke gobe ni ba. In la'asar ta yi ba a ga hayaƙi ya tashi daga madafar Goggo ba, wadda take da hali ranar sai ta ƙara gari a tukunya. Barkonon kuwa don a bambanta miyar da ta kwanon maigidan da aka ɗebo daga tukunyarsa ne, ko da yake ba wanda ya ruɗu. Mutumin da ya shekara arba'in yana cin miyar maƙwabciyarsa, ai ko an juye mata barkonon kasuwa gaba ɗaya zai gane hannunta. Duk wanda ke kan tabarmar nan ya sani. Baba Maƙeri ma ya san sun sani.

Na ce, "To Inna, in kowa ya sani, mene ne abin ɓoyewa?"

Ta ajiye rariya ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Da kowa ya sani. Jiya kowa ya ji. In ba ka ga bambanci ba, to kuɗin makarantarka asara aka yi."

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma har yau in na tuna sai in ji haushi biyu. Na farko haushin kaina. Na biyu haushinsu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ina shekara goma sha biyu suka ɗora mini akwatin ƙarfe suka tura ni makarantar kwana, suna alfahari. Lokacin da sa'o'ina ke zaune a bayan iyayensu suna koyon abin da ake gani a kau da kai, ni ina can ana koya mini cewa duk abin da ba a faɗa ba, ba a rubuta ba, babu shi. Na dawo da baki, suka yi ta tafa mini. To wa zai gaya mini? Ba mai iyawa, don abin da suka riƙe ɗin iri ne da in an faɗe shi ya lalace. Mutum takwas sun haɗu a kan magana ɗaya ba tare da ɗayansu ya buɗe baki ba, kowa yana ɗauke da nasa gefen kullum, shekara biyu, ba wanda ya yi tuntuɓe. Ni ban taɓa rubuta takardar da ta kai wannan ƙarfi ba, kuma numfashi ɗaya na yi na rusa ta.

Washegari hayaƙi ya tashi daga madafar Goggo. In a ofis ne da na rubuta rahoto cewa an cimma nasara. Amma da magariba ta yi, Baba Maƙeri ya yi salla ya wuce gida kai tsaye, bai fito da akushi ba. Haka jibi, haka gata. Kwana uku da faruwar abin Inna ta je jikin danga ta tarar an ɗaure karan nan biyu tam da sabuwar igiya, daga ɓangarensu.

Da na dawo wata na gaba na shiga zaurensa. Yana zaune kusa da uwar maƙera, ƙarfen da yake ƙira a kai, duk ta yi tsatsa. Mutumin da tun ina yaro yake ce mini "kai ɗan marowaci", sai ga shi yana yunƙurin miƙewa don na shigo.

"Yallaɓai, sannu da zuwa. An zo lafiya, Yallaɓai?"

Na durƙusa na ce na zo ba da haƙuri ne, na yi kuskure, ina so mu fahimci juna. Kalmar ofis ɗin nan dai, ita ta zo bakina.

"Haba Yallaɓai, ai alheri ka yi. Wa ya taɓa ba da haƙuri a kan alheri? Mu dai sai godiya."

Duk ta inda na ɓullo sai ya tare ni da godiya. Na fita ban samu ko ƙofar da zan shigar da tubana ba. Na ci gaba da kawo hatsi duk wata, don yanzu ba wata hanyar da ta rage, ni na toshe ta. Ya riƙa karɓa yana addu'a irin wadda ake yi wa masu kuɗi a bakin masallaci. Cikinsa ya ƙoshi, wannan gaskiya ne. Amma da yana fitowa a matsayin magidanci mai kwano cikin masu kwano, yanzu ya zama wanda ake taimaka wa, kuma ya san duk loma da zai kai a tabarmar nan za a tuna.

Tabarmar ma ba ta koma daidai ba. Da damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, sai wanzami ya fara cewa ciki na damunsa, a ci ba shi. Wani ya ce likita ya hana shi tuwon dare. Kowa ya tsargu, kowa yana jin ana leƙen kwanonsa. Daga takwas suka koma huɗu. Baba kuwa loma biyu zai yi ya wanke hannu. Ba wanda zai zaga, ba mai zaginsa. Ya rame, ya yi shiru, kuma bai taɓa ce mini ga abin da na yi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dole in faɗi irin mutumin da Baba yake, don a gane abin da ya biyo baya. Mutum ne da ko ciwo yake yi sai dai a gani a tafiyarsa. Bai taɓa cewa babu a gabanmu ba. In ka tambaye shi ya gida, ko gidan yana cin wuta zai ce sai alheri.

Wata biyar bayan katoɓarar da na yi, ina gida, muka yi sallar magariba a masallacin unguwa. Mutane sun fara fita, Baba Maƙeri yana bakin ƙofa yana laluben takalminsa da ƙafa saboda idon. Sai na ji muryar Baba, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Jama'a, ku dakata, ina da magana."

Aka tsaya. Ya dafa bango.

"Shekarar da kurkunu ya kwantar da ni damina guda, ban yi shuka ba, ban yi girbi ba. Manyan cikinku sun tuna. Wata bakwai tukunyar gidana ba ta hau murhu ba sai don ruwan zafi. Tuwon da na riƙa fitowa da shi ina bugun ƙirji, daga gidan wannan mutumin yake, ta dangar nan ake miƙowa. Ni na ci, matata ta ci. Wannan da kuke gani da mota," ya nuna ni ba tare da ya dube ni ba, "yana shekara huɗu a lokacin, da tuwon maƙera ya yi ƙashi. Shekara arba'in ban faɗa ba, yau na faɗa. In abin kunya ne, to ni na riga shi."

Tsofaffin da ke wurin duk suka sunkuyar da kai, na gane su ma sun daɗe da sani. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fahimci abin da yake yi, wannan karon ba sai an fassara mini ba. Asirinsa ya tona da hannunsa a gaban jama'a, abin da ya fi tsada a wurinsa, don su koma daidai da amininsa, ko ya dawo su zauna.

Baba Maƙeri ya samu takalmin, ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar. Ya daɗe yana gyara su. Sannan ya juyo, ba wajen Baba ba, wajen mutane.

"Malam tsufa ya fara taɓa shi. Ni ban san an yi haka ba. Ni ne maƙwabcinsa, danga ɗaya ce tsakaninmu, gidansa bai taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Da an yi da na sani. Kada wanda ya riƙe wannan magana, ba ta faru ba."

Ya sa kai ya tafi yana dogara sanda, ya shiga gidansa. Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya, kuma bai sake zama a tabarmar nan ba ko sau ɗaya.

Mutane suka watse ba mai kallon wani. Daga masallaci zuwa ƙofar gidanmu taku talatin ne bai fi ba, amma a ranar sai da Baba ya riƙe hannuna. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Da muka kai bakin zaure sai ya tsaya yana kallon ƙofar amininsa da aka riga aka turo.

"Ka ji shi ko?" ya ce mini. "To, haka ake yi."